Abin da Eladio Ya Ɗaure

Ƙarfe goma na dare a Ancud.
Ruwa na dukan kwanon rufi kamar yana bin mu bashi.
Ni kaɗai a ofishin ƙungiyar masunta,
da butar shayi, da ƙarnin teku,
da kwamfutar da ke buga takardar awo.

Sabuntawa kawai na ce ta yi.
Sai baƙin allo ya amsa da fararen haruffa:
wannan ƙunshi yana son wancan,
zubi na uku ko wanda ya fi,
amma na biyu ne ke zaune.
Na biyun kuwa ya ƙi tashi,
wai wani na jingine da shi,
shi ma wanin yana jiran wani
da ban taɓa jin sunansa ba.

Ai na san irin wannan.
Jirgin Nolberto ba ya fita sai da mai,
mai ba ya zuwa sai an biya,
biya sai an sayar da kifi,
kifin kuwa yana ruwa, yana jiran jirgin Nolberto.

Na'ura ta kawo shawara cikin ladabi:
a cire ƙunshi ɗari biyu da goma sha huɗu,
komai zai lafa. E ko a'a?
Har yatsana ya hau kan e.
Sai na karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya,
na ga firinta a ciki, na ga fuskar allon kanta,
na tuna mai neman gira da ya dawo ba ido.
A'a.

Na bi zaren a hankali
yadda uwata ke warware taru idan ya sarƙe.
Ba a ja.
Tambayar kowane ƙulli ake: wa ya kawo ka,
wa ke riƙe da kai?
Abin da ya sa nake son wannan tsari ke nan,
ba a kulle cikinsa, kowa na iya leƙawa,
har ni, Herminia, mai tabarau ɗaure da zare.

Wajen ƙarfe ɗaya, can cikin wani ɗan fayil,
na tarar da layi biyu.
Na farko umarni ne: a riƙe ƙunshin nan, kada ya motsa.
Na biyu ba don na'ura aka rubuta ba:
"Kada a taɓa. Sikeli ba ya jin magana sai da shi. Eladio."

Shekara shida da binne Eladio.
Rigar ruwansa na nan bayan ƙofa, ba wanda ya sauke.
Ashe duk kifin da muka auna tun ranar,
hannunsa na ƙarƙashin faranti.

Na zauna har shayi ya huce.

Daga baya na gano wata Maarja,
a wani gari mai dusar ƙanƙara da ba zan taɓa zuwa ba,
ta sake rubuta manhajar irin sikelinmu,
ta ajiye a fili, ba ta nemi ko sisi ba.
Na kwafe komai tukuna, don tsaro.
Na kwance ɗaurin Eladio, na ce masa ya yi haƙuri.
Na biyu ya tashi, na uku ya zauna,
sauran suka biyo a layi, ba hayaniya,
kamar ba su ne suka hana ni barci ba.

Na ɗora dutsen kilo biyar.
Allo ya ce biyar.
Firinta ta yi tari, ta tofo takarda.

Ƙarƙashin layinsa na ƙara nawa:
"Na kwance, ga dalili. In ya ƙi, tsohon na cikin aljihun tebur."
Na sa suna da kwanan wata.

Asuba ta yi. Ina jin injin Nolberto daga nesa,
yana ɗingishi kamar kullum.
Zai shigo da kwandon ƙaguwa, ya dire,
ya ce sikelin nan cuta yake yi.